Kunnen Kofur Jatau

A wani daji da ke can bayan fadama aka yi wannan abu. Ni dai ba gwanin sauraro ba ne, mai ɗakina shaida ce, don sai ta maimaita magana kafin ta shige ni. To amma labarin na masu sauraro ne, shi ya sa na daure na ji shi har ƙarshe.

Dabbobin da ke cin ciyawa a dajin sun kafa runduna saboda kyarketai sun addabe su. A cikin rundunar akwai wani ɗan sashe da ake kira 'yan sauraro. Aikinsu shi ne su laɓe kusa da sansanin kyarketai, su ji inda za a kai hari, su dawo su faɗa. Sai a kaɗa garke zuwa wata makiyaya. Kyarketai su iso a guje, su tarar da fili da kashin barewa.

Gwanin sashen wani yanyawa ne, Kofur Jatau. An ɗauke shi ne don abincinsa bai wuce fara da gara ba, ga shi kuma Allah ya ba shi kunnuwa da suka fi fuskarsa girma. Ƙuruciyarsa duk a makarantar sauraro ta ƙare, a gindin wata tsamiya. Can ya koyi bambanta gurnanin yunwa da na ƙoshi, da haushin shugaba da na mai son ya gaje shi, da karin harshen kyarketan tudu da na kwari. Can aka koya masa kwanciya cikin suri, an shafe shi da kashin ɓauna har uwarsa ba za ta gane warinsa ba. Ranar yaye kuwa ya yi rantsuwa cewa duk abin da ya ji, ba mai jin sa sai jami'in asiri, wani kunkuru da ake ce wa Kyaftin Tunau.

To, a rundunar nan da tabo ake ƙarin girma. Wanda kyarkeci ya ciza ya rayu, a ƙara masa igiya. Doka ce tun ta kakanni, kuma tana da sauƙin dubawa. Shi kuwa Jatau jikinsa sumul. Da zai haƙura da igiyarsa biyu, sai dai saje ne kaɗai ake ba rami a kan tudu in ya bar aiki. Kofur a kwari yake zama, kuma daminar da ta wuce da baki matarsa Tabawa ta riƙa tsamo 'ya'yansu daga ruwa. Tun daga ranar ba ta ƙara yi masa maganar tudu ba, abin da ya fi maganar ciwo.

Da kwamitin ƙarin girma ya zauna, Jatau ya gabata. Shugaban zaman Kanar Barau ne, wani ɓauna da jikinsa ba masaka tsinke don tabo. Ya dubi Jatau sama da ƙasa.

"Kofur, juya mu gani."

Jatau ya juya.

"Ina naka tabon?"

"Ranka ya daɗe, irin aikina in an cije ka, to ka lalata shi ke nan."

"Wane aiki ka yi?"

"Ba ni da izinin faɗa, ranka ya daɗe. Kyaftin ya sani."

Aka waiwayi Kyaftin Tunau. Ya miƙo wuya a hankali ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zan ce ya yi aiki ba, ba zan kuma ce bai yi ba. Ko cewa na san shi ma sai an ba ni izini." Ya mai da kansa cikin ƙoƙo.

Kanar ya yi gyaran murya. "Jama'a, ku dubi halin da muke ciki. Rabonmu da yaƙi tun ina Manjo. Kyarketai sun ji labarin ƙahonmu, sun daina kusantar garke. Abin alfahari ne, amma ga abin da ya jawo. Samarinmu sun girma ba tabo. Manya ba sa mutuwa, gurabe ba sa buɗewa. Akwai laftanonin da furfura ta fito musu a kan muƙami ɗaya. Masu ƙaho ma suna jira, sai wanda aikinsa kwanciya a suri za mu fara ɗagawa? Ba raina ka muke ba, Kofur. Mun san ka yi karatu, har an ce kana yin haushi kamar ɗan gida, wanda shi ma abin dubawa ne wata rana. Amma doka ba ta ce karatu ba. Je ka, in ka samu tabo ka dawo."

Jatau ya sara wa Kanar ya fita. A bakin tafki ya tarar da abokinsa Saje Nomau, wani gyado da ya samu igiyarsa ta uku tun lokacin da ake yaƙi, yana birgima cikin taɓo.

"Malam mai kunne, yaya aka ƙare?"

"Wai in nemo tabo."

"To ai kai ke riƙe da shi. Ka yi shiru sau ɗaya mana. Su zo, a gwabza, kowa ya samu rabonsa. Laftanoni ma sai sun yi maka godiya."

"Da 'yan maruƙa a garken? Haba Saje."

"Na san ba za ka iya ba. Karatu ya ɓata ka." Nomau ya juya ɗaya gefen ya shafa taɓo. "To ka san nawa tabon na cinya?"

"Na yaƙin Rafin Kanya."

"A Rafin Kanya dai aka same shi. Gudu nake, kututture ya tare ni. Wa ya tambaya? Kanar tabo yake dubawa, ba haƙori ba."

Jatau ya kalli hadarin da ke haɗuwa a gabas. Sannan ya dubi jikinsa. Duk abin da ke jikin yanyawa ƙarami ne, in aka yi tabo a nan sai an ɗaga gashi kafin a gani, Kanar kuwa idonsa ya fara rauni. Wuri ɗaya ne kawai ake hangowa daga nesa.

Ya tafi gindin wata farar ƙaya, ya saƙala kunnen hagu, ya rufe ido, ya fizga.

A zama na gaba Kanar da kansa ya taso ya duba. "Yanzu ka zama soja," in ji shi. Aka tambayi Kyaftin Tunau yadda abin ya faru, ya ce ba shi da izinin faɗa, kowa ya gyaɗa kai cikin girmamawa. Aka ɗaura wa Jatau igiya ta uku. Kafin ruwa ya kankama Tabawa ta kwashe 'ya'yanta zuwa tudu, ta share sabon rami, ta ce masa, "Sannu da aiki, Saje." Sai da ta zagayo ta dama ta maimaita.

Ya ci gaba da zuwa suri, don bai daina son aikinsa ba. Yana jin gurnani, yana gane na yunwa ne, yana gane karin harshen. Sai dai kunne ɗaya ba ya faɗa maka daga ina sauti ya fito. Ranar da ya ce a kaɗa garke arewa, arewan kyarketai suke.

Ba zan tsaya ba da labarin wannan rana ba. Abin da ya shafi maganarmu shi ne gurabe sun buɗe, laftanoni da yawa sun samu abin da suka daɗe suna jira, wasunsu ma suna raye. Kwamiti ya zauna ya gano cewa rundunar na fama da ƙarancin 'yan sauraro. Aka faɗaɗa makarantar har ta haɗa da tsamiya ta biyu, iyaye suka riƙa kawo 'ya'yansu, tunda an ga aikin yana da gaba. Aka nemi wanda zai shugabance ta, ba a samu wanda ya kai Saje Jatau ba, mai karatu kuma mai tabo.

An ce malami ne na ƙwarai, yana da haƙuri, ba ya duka. Yakan zauna da ɗalibai ya koya musu duk abin da ya sani, in sun yi tambaya ya juyo musu da kunnen dama. Maganar farar ƙaya ce kawai bai taɓa yi musu ba, su ma ba su tambaya ba, don ɗalibai ne masu lura.

Bana, tun kafin a yaye su, duk ajin sun tsaga kunne.