Hoton Hamidu Ya Tsaya a Wuya

Jama'a, ranar Litinin na kusa karya ƙugu. Tsofai-tsofai da ni, ina kan katangar gidana a unguwar Zariya riƙe da gora, ina neman rezo, wato sabis ɗin salula, kamar mai kakkaɓar mangwaro.

Ga abin da ya hau da ni. Ɗana Hamidu ya baro Libiya da rikici ya ɓarke, aka ce motarsu ta kife cikin sahara, wasu sun rasa hannu. Ya kira da salular wani ya ce lafiya lau yake. Uwarsa Zuliha ta ce ƙarya ne, ko kansa ke hannunsa haka zai ce. Sai abokinsa ya aiko da hotonsa ta intanet.

Maƙwabcina Mushe Jibo, malamin lakkol, wato makarantar boko, yana da kwamfuta da kile, ɗan abin nan kamar yatsa da ake cusa mata ta jawo rezo. Hoto ya fara sauka daga sama. Hula. Goshi. Da azahar muka samu hanci. A wuya ya tsaya.

"Mushe, ina sauran yaron?" in ji Zuliha.

"Yana hanya, Inna."

"Ni hannuwa nika son gani. Hancin na sani, na ubanshi ne."

Jibo ya zare kile ya hure shi, ya canza masa rami. Muka ƙara masa waya, muka ɗaure shi cikin murfin tukunya a kan gora. Muka kalli Jiratawa, muka kalli Tsibiri. Wuya dai.

Kada ku ce ba mu da antan, ƙarfen nan mai rarraba rezo. Muna da shi, dogo, ja da fari. Mai Girma Uban Alkawura, Allah shi ƙara masa tumbi, da kansa ya yanke ƙyalle ya ce an haɗa mu da duniya. Gaskiya ya faɗa. Shamuwa ce ta fara cin moriya, ta yi sheƙa a kai.

Idirisa mai shayi ya ce mani, "Baba, kai ma da wahalar da kai. Injin antan ba ya ganin man gazuwal sai in Mai Girma zai zo. Laraba yana da taro a Tsibiri."

Ranar Laraba ni da Jibo muka hau kabu-kabu sai Tsibiri. Aka ba ni hular jam'iyya, na saka. Muka zauna bakin rumfa, Jibo ya buɗe kwamfuta a cinya. Rezo fal, har yana zuba. Kafaɗa ta sauko, ƙirji ya sauko, ga hannuwa biyu, ɗaya ma riƙe da burodi. Na miƙe na yi kabbara. Ashe daidai lokacin Mai Girma ya yi alkawarin jirgin ƙasa. Ya nuna ni da yatsa ya ce, "Ku dubi dattijon ƙwarai." Da yamma aka nuna ni a tele.

Da muka koma gida, Zuliha ta ƙirga yatsun ɗanta, ta share hawaye, ta ce ya rame, a rubuta masa ya riƙa cin abinci. Mun rubuta. Saƙon yana nan cikin kwamfuta yana juyi.

Saboda haka, Mai Girma, ranka shi daɗe, in akwai wani ƙyallen da ba a yanke ba, ko na masai ne, a taimaka a zo. Yaron nan yana jin yunwa.