Rasuwar Cinar ta Gidan Sonaullah Rather

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, tare da miƙa lamari ga Mai kowa mai komai, Zoona, matar marigayi Sonaullah Rather na ƙauyen Narwanpora a Kashmir, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar babbar bishiyar cinar ta tsakar gidansu, wadda kowa ke kira Tsohuwa. Ta cika a tsaye, bayan doguwar jinya. Ba wanda ya san shekarunta. Kakan Sonaullah ma haka ya tashi ya gan ta.

Marigayiyar mai haƙuri ce da son baƙi. A inuwarta aka sauke Zoona ranar da aka kawo ta amarya. Lokacin zafi maƙwabta kan zo da shinkafarsu su tsince a ƙarƙashinta. In sanyi ya matso sai ganyenta ya yi ja kamar garwashi ya zubo, Zoona ta share ta ƙona, ta sami gawayin kaskon da take rungumewa a cikin riga. Ba ta da surutu. Iyakarta shuuu in iska ta gangaro daga duwatsu, sai wani ƙiii mai tsawo in dusar ƙanƙara ta yi wa rassanta nauyi.

Kamar kowace cinar, ƙasar da take tsaye a kai ta masu gida ce, amma ba a sare ta, ba a rage mata ko reshe sai da izinin hukuma. Sonaullah kan yi dariya ya ce, “Ni ne mai gida, amma ita ce mai gata.”

Sai wani ƙaton reshe ya bushe a saman garken saniyarsu. Sonaullah ya yi ta sintiri ofis neman izini, kullum amsa ɗaya: “Za a turo mai dubawa, Rather Sahib.” Dusar ƙanƙara ta riga mai dubawa zuwa. Wata safiya ya fita ba saniya ciyawa. Zoona tana dafa shayi ta ji ƙiii ɗin da ta saba ji, sannan ta ji wata ƙarar da ba ta taɓa ji ba. Sai da mazan ƙauye suka yanka reshen gunduwa-gunduwa kafin su zaro gawar Sonaullah. Ranar kaɗai aka sa wa Tsohuwa zarto ba da izini ba.

Bayan sadakar arba'in, ɗansu Nazir, direban motar haya, ya nemi a bar shi ya sare ta. Wannan karon mai dubawa ya zo. Ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa jikinta, ya ce, “Lafiyarta ƙalau. Ba a sare mai rai.”

“Mai rai ce ba a sarewa?” in ji Nazir.

“Haka doka ta ce.”

Nazir ya raka shi har bakin ƙofa da girmamawa.

Ciwon ajalinta ya fara a wannan shekarar. Nazir ya dafe gindinta da siminti, wai taɓo ya ishe shi. Daga baya Zoona ta tarar an kankare ɓawonta zagaye, an rufe da ƙasa, wurin yana warin ruwan batir. Ta same shi yana karyawa.

“Nazir, me aka ba ta ta sha?”

“Wa, Moji?” Haka yake kiran mahaifiyarsa.

“Ka san wa nake nufi.”

Ya ajiye kofi. “Ta kashe Baba, ke kuma kina share mata ganye.”

“Reshe ne ya faɗo, ɗana. Kwanansa ne ya ƙare.”

“To ita ma nata ne zai ƙare. Ban sare ta ba. Ki je ki tambayi hukuma.”

Ta so ta je ɗin. Ta yafa mayafi ta kai har inda ake jiran mota. Can ta tuna cewa in ta buɗe baki, ɗanta za su tafi da shi, kuma ba ta da wani. Motar ta zo ta wuce, ita ta juyo gida. Ta kwaɓa yumɓu da kashin saniya ta shafa wa raunin, ta ɗaure da tsohon zanenta. Bai yi magani ba. Rassan sama suka fara bushewa, na ƙasa suka bi. Da sanyi ya wuce, duk cinar ɗin ƙauye suka yi toho, ita ba ta yi ba.

Ko matacciya ba a taɓawa sai hukuma ta tabbatar da mutuwar, don haka gawar ta ƙara shekara a tsaye a kan gidan. Har yau da tsakar rana kaji kan je su kwanta inda inuwar take a da, rana na dukansu. Zoona kan ji shuuu ɗin nan da la'asar, babu iska, babu ganye. Ta ɗauka kunnenta ne, sai ranar da ta ga Nazir ya ɗaga kai a daidai lokacin, loma a hannunsa. Tun daga ranar a bakin titi yake ajiye motarsa.

Marigayiyar ta bar shirwa biyu da ba su yarda sun tashi daga sheƙarsu ba, da saniyar da ke ƙin shiga garkenta, da Zoona.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da hantsi, in ma'aikatan hukuma sun iso da zarto. Ba wanka, ba likkafani. Ba za a ba iyali gawa ba, babbar mota za ta kwashe ta. Za a karɓi gaisuwa a tsakar gida, akwai shayin gishiri da burodi. Nazir ne zai riƙa zubawa, ana roƙon jama'a kada a tambaye shi komai.

Ba za a je maƙabarta ba. Mai dubawa ya ce saiwoyinta sun ratsa ƙarƙashin ɗakunan duka, ba za su tonu ba sai an rushe gidan. Rabinta ya riga ya kwanta a makwancinsa, kuma a kansa uwa da ɗa za su ci gaba da shimfiɗa.

Allah ya ba mu haƙurin rashi.