Zaitun ɗin Alhaji Dalhatu da Danginsa

Duk Gusau, daga Damba har bakin tasha, babu wanda ya san darajar asali kamar Alhaji Dalhatu mai taki. Mutum ne da ko kaza ba ya saye sai ya ji wace ce uwarta. Nasa asalin kuwa ya yi zurfin da har yau ba a kai ga gindinsa ba. Ranar Juma'a jikan malamai ne, ranar kasuwar Tsafe jikan mayaƙa. Allah ya ba shi buhunan taki, ya ba shi tumbi mai riga shi shiga zaure. Abu ɗaya ya rage masa, rawanin Sarkin Noma. Bai taɓa riƙe fartanya ba, amma wannan ai ƙaramin zance ne.

Shekarar da ya sauke farali, wasu suka dawo da dabino da zamzam, shi ya dawo da ɗan dashe cikin buta. A gefen titin masaukinsu ya tumɓuke shi. Ganye siriri, kore mai ruwan toka. Ya ce zaitun ne. Wa zai musa? Mutanenmu a kwalba kaɗai suka san zaitun.

Itacen ya yi girma kamar ana jan sa da igiya. Saiwarsa ta tsaga katangar maƙwabta, Alhaji ya ce albarka ce ta shiga gidansu. Shekaru suka shuɗe ko ɗa ɗaya bai yi ba. Alhaji ya ce, "Icce mai asali ba shi gaggawar haihuwa. Gaggawa sai tumatur." Aka rubuta Gidan Mai Zaitun a ƙofa, aka rubuta a bayan mota.

Sai tunani ya zo masa, irin na manya. A Nahuce ta Bungudu akwai kurmin marke, inda mata ke tsintar itacen girki, makiyaya ke shan inuwa da dabbobinsu. Alhaji ya roƙi mai gari ya ba shi wurin, a share wannan tarkace, a dasa rassan zaitun, rawani ya biyo baya. Matan da za su koma girki da kara kuwa ba su shiga lissafin ba. Mai gari, tsoho mai sanyin baki, ya ce, "Alhaji, a kawo muna shaida dai."

Ana haka ya ji labarin Dakta Salma, malamar jami'a da ke yawo ƙauyuka tana tsinkar ganye. Aikinta gwajin ƙwayoyin halitta. A cikin kowane ganye akwai gadon da itace ya ɗauko daga kakanninsa, in an gwada na wannan da na wancan sai a ga wa ke kusa da wa, wa ya rabu da wa tun da can. Alhaji ya ji daɗi. Ashe ilimin zamani ya fara kamo shi.

Ya bi ta har Tsafe, ya miƙa mata ganye cikin farin hankici da aka fesa wa turare. "Ɗiyata, kar ki sa shi akwati guda da sabara da su marke. Kowa da ajinai."

Da sakamako ya fito ta buga masa waya, ta ce tana son su gana su biyu. Ya ce labarin alheri ba a faɗin sa a ɗaka. Ta sake roƙo. Ya kashe waya ya sa aka yanka raguna.

Walimar a Nahuce aka yi, a inuwar marken da za a sare, don babu wata inuwar da za ta ɗauki jama'ar. Alhaji ya miƙe cikin babbar riga mai aska tara.

"Jama'a, yau kimiyya za ta yi magana. Icce kamar mutum ne. Akwai ɗan asali, akwai wanda tsuntsu ya kasayar. Duk abin da na'ura ta ce, ni Dalhatu na sa hannu tun ba a karanta ba. Bismillah, Dakta."

Dakta Salma ta buɗe babban zane mai rassa. Ta nuna can ƙarshen wani reshe ta ce nan zaitun yake. Alhaji ya gyara hula. Sai yatsanta ya taso, ya yi tafiya, ya yi ta tafiya, har ya kai ɗaya gefen.

"Na Alhaji kuwa ga shi nan. Itacen inuwa ne da ake dasawa a titunan ƙasashen Larabawa. Ba ya 'ya'yan da ake ci, ba a matsar mai a jikinsa. Cikin duk ganyen da na tara a Zamfara, wanda ya fi kusa da shi a dangi shi ne marke."

Kowa ya ɗaga kai ya dubi abin da ke yi masa inuwa.

Alhaji ya yi gyaran murya. "To, ai ko gidan sarauta ba a rasa talakawan dangi."

"Gaskiya ne," in ji mai gari. "Shi ya sa ba za mu sare su ba. Baƙo ya zo daga nesa ya tarar da 'yan uwanai, mu kuma mu zama sanadin yanke zumunci? Allah ya tsare mu. Kurmi na nan yadda munka gada."

Zancen rawani ko wanda ya tuna da shi bai nuna ba. Aka ci nama aka yi addu'a.

Alhaji na ƙoƙarin cusa tumbinsa a mota sai Inna Ladidi, wata tsohuwa mai kiwon awaki, ta durƙusa a gefen taga cikin ladabi.

"Alhaji, barka da ganin dangi. Akuyata ce tsutsar ciki ta dama, na ba ta marken nan namu ba ta ji ba. Don Allah a taimaka mini da ganyen naku na Makka."