Tambayar da Kwamfuta Ta Yi a Kan Sista Hajara

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da manhajar da na taya rubutawa ta tona min asiri a gaban mutane, kuma da manyan baƙaƙe.

Lokacin ban daɗe da gama makaranta ba, ina aiki a wani ɗan ofishin rubuta manhaja a unguwar Shango, a ƙarƙashin Anti Rahila, 'yar kudancin Kaduna. Mun yi wa wani ƙaramin asibiti a unguwar Kpakungu manhajar ajiye bayanan marasa lafiya. Irin wadda idan ka gama rubutawa sai ka dunƙule ta ta zama fayil guda, ka je ka ɗora a kwamfutar mai ita. Matsalar kawai, mai asibitin, Dakta Ndagi, mutumin Bida, ba ya kwana biyu bai tuno sabon abu ba. Yau a ƙara gurbin rukunin jini a fom, gobe a ƙara sunan miji. Kowane ƙari sai mun buɗe manhajar, mun zana akwati, mun sake dunƙulewa, sannan in hau acaɓa da faifai a aljihu. (Ban cika ƙorafi ba. A teburin karɓar marasa lafiya akwai wata nas, Sista Hajara, wadda in ta ce min "sannu injiniya" sai in manta abin da ya kawo ni.)

Wata safiya Anti Rahila ta ce ita ta gaji. "Ƙanena, don me mu za mu riƙa zana fom? Bari fom ya zana kansa."

Na zaci wasa take yi. Ta buɗe sabon tebur, wato jadawali, a rumbun bayanan manhajar, kowane layi yana bayanin gurbi ɗaya: tambayar da za a yi, irin amsar, wurin da zai zauna, da ko dole ne a cike shi. Fom ɗin kuwa ta bar shi fili fetal. Sai ta rubuta ɗan umarnin da zai karanta teburin duk lokacin da aka buɗe fom, ya ƙirƙiri akwatunan nan take, ya jera su. Ta ƙara layi a tebur, ta buɗe fom, sai ga sabon akwati ya fito, ba wanda ya zana shi. Har yau ban ga dabarar da ta burge ni kamar wannan ba, kuma matar nan ta yi ta ne tana cin gyaɗa.

Ni aka bar wa gwaji. Mai hankali zai rubuta "gwaji na ɗaya". Ni kuwa na shiga fom ɗin awon ciki na rubuta abin da ke raina: SHIN SISTA HAJARA TANA DA SAURAYI? Na sa zaɓi biyu, Eh da A'a, na kuma sa dole a cike. Ya yi aiki tsaf. Na ji daɗi, na danna A'a sau da yawa, na tafi cin abinci. Ban goge ba.

Ranar nuna aiki muka kwashi komai na manhajar zuwa asibiti, har da teburin da tambayata ke ciki. Dakta ya zauna, babbar nas ta tsaya a bayansa, Sista Hajara a gefe tunda ita za ta riƙa amfani da abin. Anti ta ce ni zan riƙe linzamin kwamfuta. Na gyara wuyan riga (sabuwa ce, daga unguwar Sauka Kahuta na sayo ta takanas), na buɗe fom ɗin awon ciki. Akwatuna suka jeru: suna, shekaru, watannin ciki. A ƙasa kuma ga tambayata, ɓaro-ɓaro.

Na yi maza na danna maɓallin ajiyewa don fom ya rufe. Kwamfuta ta yi ƙara, ta fito da gargaɗi: dole a cike wannan gurbin.

Dakta ya gyara tabarau, ya karanta da ƙarfi, kalma-kalma, kamar sakamakon gwajin jini. Sannan ya juyo. "Madam, wannan ma duk mai ciki za mu tambaya?"

Babbar nas ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Ni dai gumi ya jiƙa min sabuwar riga.

Anti Rahila ko kallona ba ta yi ba. "Dakta, ai gara da ta fito. A da, cire wannan tambayar sai mun koma ofis mun dawo gobe. Yanzu duba ka gani."

"Anti, dakata," in ji Sista Hajara. "Ai an ce dole a cike." Ta karɓi linzamin daga hannuna a hankali, ta danna Eh, ta mayar min.

Anti ta buɗe teburin, ta goge layin, ta sake buɗe fom. Tambayar ta ɓace, sauran akwatunan suka matso suka cike wurin. Dakta ya buga tebur. "Kai! Ke nan ni ma zan iya ƙara nawa?" Nan take ta koya masa, ya ƙara gurbin hawan jini da hannunsa, yana murna kamar an ba shi kyautar mota.

A hanyar komawa na jira faɗa. Abin da ta ce kawai shi ne, "Gwajinka ya yi kyau, gurbin dole yana aiki."

Na yi shekara da shekaru ina amfani da dabararta a manhajoji iri-iri, kuma duk wanda na koya wa sai na faɗa masa wadda ta koya min. Darasin da na ƙara da kaina shi ne: kwamfuta ba ta san kunya ba, duk abin da ka ba ta ajiya za ta fito da shi a gaban wanda ka fi jin nauyi. Yanzu ko ni kaɗai ne a ɗaki, "gwaji na ɗaya" nake rubutawa.