Katantanwar da Aka Raɗa wa Sunan Farfesa

Wanda bai ga Farfesa yana duba dutse ba, bai san ilimi ba. Ɗalibai na kiransa Uban Katantanwa a bayan idonsa. Da labari ya kai masa, sai ya sa aka rubuta masa shi a ƙofar ofis.

Aikinsa rarraba wasu 'yan mitsi-mitsin katantanwa da suka zama dutse tun zamanin Kambiriyan, shekara miliyan ɗari biyar da ɗoriya da suka wuce. Masana na ta musu a kan ina ne gabansu, ina ne bayansu. Farfesa ba ya musu. Kallo ɗaya yake yi ya yanke hukunci.

Abu guda ke ci masa rai: ga ritaya ta ƙarato, babu ko halitta ɗaya mai sunansa. A sana'ar kuwa abin kunya ne mutum ya raɗa wa halitta sunan kansa, sai dai wani ya karrama shi. Don haka ya kira ƙaramin malami, ya umarce shi ya ba shi mamaki.

Duwatsu biyu ne a teburinsa. Ɗaya mai tudu, ya ce katantanwa ce gama-gari, a mayar akwati. Ɗayan mai rami, ya ce wannan katantanwar kam ba a taɓa ganin irinta ba.

Ranar sanar da sabuwar halittar zaure ya cika, har surukansa a sahun gaba. Farfesa ya gyara tabarau.

"Katantanwar duniya duka waje take kumbura," in ji shi. "Wannan ciki ta lotsa. Ido irin nawa kaɗai ke gane haka. Ban so a sa mata sunana ba, yaran nan ne suka matsa."

Ana cikin tafi, matar da ke kula da ɗakin ajiya ta zo kwashe kaya. Shekara ashirin tana fasa duwatsu da guduma, ba ta son ganin abu a warwatse. Ta ɗauko mai tudun daga akwati, ta kifa a kan mai ramin. Suka haɗe ƙyas, ko gashi ba zai ratsa ba.

"Ranka ya daɗe, ai dutse ɗaya ne, ni na fasa shi," ta ce. "Wannan ce katantanwar. Wancan shatin da ta bari ne."

Mujallar da ta buga sabon sunan kuwa ta riga ta fito, an raba wa kowa. Burin Farfesa ya cika: sunansa ya shiga littafin masana, manne da ramin da babu komai a cikinsa.