Hawan Gadon Alhaji Turare

Masha Allah, Zangon Sokodé ba ta taɓa haifar ɗa kamar Alhaji Wahabu ba. Shi ma ya sani, kullum yana tuna mana. Jikan mahauta ne gaba da baya, amma shekara ashirin yana Dapaong yana sayar da firiji, har Allah ya tsarkake hannunsa daga ƙarnin nama. Mu mata Alhaji Turare muke ce masa, don hancinka ke fara gaishe shi kafin idonka.

Da Sarkin Pawanmu ya rasu, Allah ya jiƙansa, ko sadakar bakwai ba a yi ba Alhaji ya sauka da hotunansa. Har bangon masallaci ya manna, Allah ya yafe mana. A ƙarƙashin hoton akwai wata kalmar Ingilishi, wai akseshan. Aka tambaye shi, ya gyara hula.

"Jama'a, naɗi na ƙananan mutane ne. Akseshan kuwa, da ita sarkin Turawa ke hawa gado, da ita ƙasa sukutum ke shiga yarjejeniya. Ni ba zama zan yi ba, hawa zan yi!"

To, mahautan unguwarmu suna da abinsu tun kakanni. Mai son rawanin sai ya feɗe rago gaban dattawa, a kan fatar za a zaunar da shi a naɗa. In ta huje, babu rawani. An gaya masa. Ya ce, "Fiɗa a jinina take."

Ranar Asabar da hantsi aka kawo raguna biyu, ɗaya nasa, ɗaya na Karimu, ɗan ƙanen marigayi, wanda ko surutu bai iya ba. Liman ya yanka. Karimu ya tsaga, ya ajiye wuƙa, ya cusa dunƙulensa tsakanin fata da nama yana turawa, yadda kowane mahauci ke yi. Fata ta fita sumul.

Alhaji kuwa farar shadda, agogon zinariya, sabuwar wuƙa fil daga kwali. Shi ya cusa hannu cikin rago? Haba! Ya ce wannan aikin mutanen da ne, zamani ya ci gaba. Da tsinin wuƙa ya yi ta bi, yana jawabi, yana kallon masu hoto. Da aka ɗaga fatar, wallahi ta cikinta na hango Liman.

Sai Husseina mai koko ta ce, "Alhaji, don Allah in kun gama a ba ni, rariyata ta lalace."

Astagfirullah, har Liman sai da ya rufe baki da hannun riga. Aka zaunar da Karimu, aka naɗa shi.

Alhaji bai jira azahar ba ya hau motar Dapaong. Bayan sati sai ga takarda mai hatimi, aka karanta a mahauta. Wai mai girma Alhaji Wahabu ya yi murabus daga sarautar Pawa saboda lafiyarsa, yana roƙon talakawansa su yi haƙurin rashinsa.

Alhamdu lillahi, muna ta yi.