Ranar da Na Raba Kwamfutar Matata

Tun da oga ya yabi Danjuma, abokin aikina, saboda ya raba kwamfutarsa gida biyu tana tashi da manhaja iri biyu, na kasa sukuni. Da me ya fi ni? Ina isa gida Nyanya na janyo kwamfutar matata, na ce, "Maman Ummi, zo ki ga ilimi." Na raba rumbun ajiyarta gida biyu, har ina fito. Da muka kunna, babu sabuwar manhajar da na zuba, babu tsohuwa, babu hotunan bikinmu.

Wa ta kira ya ceto hotunan? Danjuma. Shi aka zuba wa cinyar kaza, ni kuwa fiffike.

Yanzu ko kankana na ɗauko zan raba, sai ta karɓe wuƙar: "Baban Ummi, bari mu jira Danjuma."